Zangon Magina a Bajarawiya

Abin da ya kai ni Bajarawiya, wajen kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum, a wani hunturu kafin yaƙin Sudan na 2023, shi ne in ga inda magina masu gyaran tsofaffin kaburburan wurin ke kwana, domin duk wanda ya dubi kaburburan sarakunan Kush masu siffar dala, waɗanda Ferlini mutumin Italiya ya rusa kawunan wasunsu a 1834 saboda kwaɗayin zinariya, sa'an nan iska mai yashi ta ɗora daga inda ya tsaya, ba zai hangi inuwar da ɗan Adam zai fake a cikinta ba.

Da na isa zangonsu, aka karɓe ni da shayi. Zangon kuwa tantuna ne, da rumfar tabarma da suke kira rakuba, da 'yan ɗakunan ƙarfe na kwantena waɗanda babbar mota ta sauke bisa duwatsu ba tare da harsashi ba, tun da yake wurin yana cikin wuraren tarihin da UNESCO ta yi wa rajista a 2011, kuma ba a haƙa ƙasar da ba a san wanda ke kwance cikinta ba. Ɗakin ƙarfen, in rana ta take, tanderu ne, in dare ya raba kuwa sanyinsa har ƙashi, shi ya sa dattawa suka bar wa samari shi, suka fitar da gadajensu na igiya ƙarƙashin rumfa.

A nan na zauna da wani tsohon magini, jikan Hausawan da suka yada zango a Sudan kan hanyar Makka, wanda Hausarsa ta gauraye da Larabci amma ba ta karye ba. Na ce, "Baba, zafi ne ya fi damunku ko ƙura?"

Ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, ruwa. Ga Nilu can ba nisa, amma sai tanka ta kawo, kuma in ta kawo, kwaɓin farar ƙasa shi ke fara sha, don in ya bushe da gaggawa aikin mako ya tafi a banza. Abin da ya saura shi ne namu. Ran da mota ta lalace, alwala sai mudu guda, wanka sai Juma'a."

Ban ji ƙorafi cikin muryarsa ba, alhali kuwa a ganina yana da hakkin yin sa, domin mutumin da ya shekara da shekaru yana ɗora dutse bisa dutse don kabarin wani ya dawwama bai kamata ya riƙa auna ruwan tsarkinsa ba. Na tambaye shi abin da zai roƙa da za a ba shi zaɓi. Bai ambaci fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba, ya ce tanki na biyu, da murfi mai kama baki, don yashi na shiga na yanzu.