Kafin a ɗaga labule: fitila nawa soket ɗaya zai iya ɗauka?

Zango ya kusa ƙarewa, 'yan kulob ɗin wasan kwaikwayo a makarantun Hunkuyi, Kudan da Makarfi sun fara gwaji. An raba aiki: wane sarki, wane boka, wance amarya. Amma akwai wanda ba a tunawa da shi sai wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, wato ɗalibin da aka damƙa wa fitilu.

Idan kai ne, ɗauko biro. Ƙarfin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne, kuma fiyus mafi girma da ake sa wa fulogi mai ƙafa uku amfiya 13 ne. Ninka su, kamar yadda malamin Fiziks ya koya muku: wat 2,990. Iyakar soket ɗaya ke nan, ko da kun jona masa abin ƙarin waya mai baki goma. Fitilar halojin irin ta haya takan ci wat 500, don haka guda shida sun riga sun haura iyaka. Masu aikin wuta kuma ba sa cika wa waya ciki. Idan fitilu za su daɗe a kunne, sukan rage kashi ɗaya cikin biyar, sai a tsaya wajen wat 2,400. Fitila huɗu ke nan.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne wajen dima, na'urar da ke rage haske ko ƙara shi, wadda da ita ake mayar da rana dare a dandali. Duba rubutun jikinta. Da yawa an rubuta wa kowane layi amfiya 10, wato wat 2,300. Sai ɗalibi ya ga layi huɗu, ya yi murna cewa ya samu wat 9,200. Ina! In dai duk wutarta ta fulogi ɗaya take shigowa, fitila huɗun nan dai su ne rabonka, sai dai ka rarraba su a layukan. Masu son fiye da haka, irin su dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, sai an ja musu waya mai kauri ta musamman, kuma wannan aikin ƙwararre ne.

Dima ta fitila ce kawai. Kada a jona mata fanka, amsa-kuwwa ko cajar waya (na san za a roƙe ka, ka ce a'a). Ƙwan LED ma ba kowanne ke jituwa da ita ba, sai wanda aka rubuta a kwalinsa. Ka riƙa ɗaga haske a hankali, domin zaren ƙwai mai sanyi yana zuƙar wuta da yawa a farkon kunnawa.

A warware doguwar waya gaba ɗaya, don naɗaɗɗiya zafi take tarawa. Fiyus ya ƙone? Gargaɗi ne. Masu maye shi da zaren waya ko takardar sigari sun cire mai gadi ne kawai, zafin kuma ya koma kan wayar da ke kwance kusa da labule. Ƙaramin janareta na shagon aski kuwa ko wat 1,000 bai kai ba, fitila biyu sun fi ƙarfinsa.

Ranar gwajin ƙarshe, ku kunna komai na rabin awa tare da malaminku da mai gyaran wuta. Idan fulogi ya yi zafi ko kun ji ƙaurin roba, ku kashe daga babban makunni, ku cire fitila ɗaya. Bokitin da za a ajiye bayan dandali na yashi ne, ba na ruwa ba.