Wasan Neman Ɓoyayyen Akwati a Daji: Hattara Kafin Ka Bi Kibiyar Waya

Akwai wani wasa da ya samu karɓuwa ƙwarai a Amurka da Turai, musamman Jamus, wanda masu yinsa ke kira geocaching. Mutum ne zai ɓoye ɗan akwati a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, ya ɗauki lambobin da ke nuna daidai wurin a taswirar duniya, ya sa su a intanet. Duk mai sha'awa sai ya sauke lambobin a wayarsa, ya bi su har ya gano akwatin. A yau akwai irin waɗannan akwatuna sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Da yawansu a cikin gari suke, a lambunan shaƙatawa da gefen hanya. Amma waɗanda 'yan wasan suka fi ɗoki su ne na can cikin dokar daji, inda sai an yi tafiyar sa'o'i a ƙasa, a kafa tanti, a kwana. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu ko neman abinci a waɗannan ƙasashe sukan samu gayyata daga abokai zuwa irin wannan fita a ƙarshen mako, kuma manhajar wasan tana nan kyauta ga duk mai wayar zamani. Wasan ba shi da aibu, motsa jiki ne da buɗe ido. Sai dai ya taɓa cin rayuka, ya kuma taɓa sa 'yan sanda rufe tsakiyar gari, don haka ya dace a san shi kafin a shige shi.

Yadda abin ya faro

Wasan ya dogara ne da GPS, tsarin da ke nuna wa na'ura inda take a duniya, kuma tsarin na sojojin Amurka ne. Shekaru da dama gwamnatinsu tana gurɓata saƙon da farar hula ke samu da gangan, ta yadda na'ura kan yi kuskuren da ya kai mita 100. Ranar 2 ga Mayu, 2000, bisa umarnin Shugaba Bill Clinton, aka cire wannan takunkumi, kuskuren ya ragu kusan ninki goma a dare ɗaya. Washegari wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada ingancin abin. Ya ɗauki baƙin bokiti ya zuba littattafai da kaset-kaset da ɗan kuɗi da gwangwanin wake da danƙon harbin tsuntsu, ya ajiye a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya wallafa lambobin wurin. Cikin 'yan kwanaki aka gano shi. A watan Satumba na wannan shekara Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da akwatuna 75 kacal, kuma har gobe daga birnin Seattle ake tafiyar da shi.

Me ke cikin akwatin?

Wanda ya yi zaton zinariya zai tarar, to ya kwantar da hankalinsa. Galibi robar ajiye abinci ce mai murfi, ko tsohon akwatin harsashi na soja da aka goge. Idan ka buɗe, za ka ga ɗan littafi a naɗe cikin leda saboda damshi, da guntun fensir, da tarkacen yara: 'yar tsana, zoben makulli, kwabon wata ƙasa. Wani akwatin ma bai wuce kan yatsa ba, an manna shi da maganaɗisu a bayan allon ƙarfe, ba abin da ke ciki sai siririyar takarda. Ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka mayar yadda ka same shi. In ka ɗauki wani abu, ka ajiye wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi. Dokar wasan ta hana sa abinci ko makami ko ƙwaya, ta hana haƙa rami a binne akwati, ta kuma ce tsakanin akwati da akwati a bar aƙalla mita 161.

Ya kamata a bambanta wannan da farautar dukiya ta gaske. A shekarar 2010 wani dillalin kayan tarihi, Forrest Fenn, ya sanar cewa ya ɓoye akwatin zinariya a tsaunukan Rocky. Kafin a gano shi a watan Yunin 2020, mutum biyar sun rasa rayukansu wajen nema. Kwaɗayi mabuɗin wahala. To idan akwatin zinariya bai cancanci ran mutum ba, ina ga roba mai ɗauke da fensir?

Waya tana nuna wuri, ba ta nuna hanya

Nan ne babban haɗarin yake. Wayarka tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, kuma tana buƙatar aƙalla huɗu kafin ta san inda kake. Daga nan sai ta zana maka kibiya, ta ce akwati yana gabanka mita 400. Wannan mita 400 miƙaƙƙen layi ne, irin na tsuntsu. Kibiyar ba ta san akwai kwazazzabo a tsakani ba, ba ta san rafin ya kawo ba, ba ta san gangaren yana da santsi ba. Wanda ya bar turba ya bi ta kai-tsaye yakan tsinci kansa a inda gaba ba dama, baya ba dama.

Shi ya sa kowane akwati ke da maki iri biyu, daga 1 zuwa 5: ɗaya na wahalar ganowa, ɗaya na wahalar wurin. Wuri mai maki 5 yana nufin sai da kayan aiki na musamman, kamar igiyar hawan dutse ko kwalekwale. Sabon shiga ba shi da hurumi a nan. Ranar 9 ga Yuni, 2018, wasu mutum huɗu suka shiga doguwar magudanar ruwa ta ƙarƙashin birnin Prague na ƙasar Cek suna neman akwati. Aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya a waje, su ba su sani ba. Ambaliya ta kwashe su ta watsa cikin kogin Vltava, biyu daga cikinsu suka mutu.

Akwai kuma mita goma na ƙarshe. A fili, waya mai kyau takan yi kuskuren kimanin mita 5, amma a ƙarƙashin manyan itatuwa ko tsakanin duwatsu saƙon yana raunana, sai kibiya ta riƙa juyawa, yanzu ta ce dama, an jima ta ce hagu. A nan za ka ga mutum ya sunkuyar da kai, ido a kan waya, ƙafa tana taka abin da bai gani ba. Da ya hango wani kogo sai ya zura hannu. Maciji da rina da gizo-gizo su ma irin wannan kogon suke so. In ka iso kusa, mayar da waya aljihu, ka yi aiki da idonka. Haska ramin da tocila, ka taɓa da sanda kafin hannu. Idan tsautsayi ya sa maciji ya yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau kamar yadda aka saba; a rage motsi, a nufi asibiti.

Mutane da yawa ba su san cewa GPS yana aiki ko babu sabis ba, amma taswira ba za ta buɗe ba sai an riga an sauke ta, kuma kira ba zai shiga ba. Sanyi da neman sabis suna shanye batir da sauri. Saboda haka ka sauke taswira tun kana gida, ka riƙe ta takarda da kamfas, ka ɗauki batirin ko-ta-kwana da usur. Kafin ka bar mota ko tanti, ka adana lambobin wurin a waya. Mutane da dama sun gano akwati lafiya, hanyar komawa ce ta gagare su. Mafi muhimmanci, ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo, kuma kada ka tafi kai kaɗai. Lambar neman agaji ita ce 911 a Amurka, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya.

Kwana a daji

A yawancin gandun dajin gwamnatin Amurka an yarda mutum ya kafa tanti nesa da sansanonin da aka tanada, galibi har kwana 14. Amma a irin wannan wuri babu famfo, babu banɗaki, babu mai gadi. Ana so ka kafa tanti aƙalla mita 60 daga bakin ruwa, ka kuma kwashe shararka ka fita da ita. Ruwan rafi, komai haskensa, yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa. A tafasa shi na minti ɗaya, ko minti uku a kan tsauni mai tsayi.

Wuta ita ce ta fi komai ɓarna. Hukumar gandun dajin Amurka ta ce kusan kashi 85 cikin ɗari na gobarar daji a ƙasar ɗan'adam ne sanadinta. Ranar 2 ga Satumba, 2017, a wannan jiha ta Oregon, wani yaro ɗan shekara 15 ya jefa abin wasan tartsatsin wuta cikin kwazazzabon Eagle Creek a lokacin da aka hana kunna wuta. Gobarar ta cinye kusan eka 50,000, ta rutsa da masu yawo kimanin 150 suka kwana a daji, daga baya kotu ta ɗora masa biyan diyyar sama da dala miliyan 36. Ka tambayi ma'aikatan gandun daji ko an yarda a hura wuta. In an yarda, kafin ka kwanta ka kwarara mata ruwa, ka juya tokar, ka sake zubawa, har sai ka kai bayan hannu ka ji ba ɗumi.

Komai tsananin sanyi, kada ka shigar da gawayi ko risho cikin tanti. Suna fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mutum cikin barci, irin wadda ke hallaka iyali idan an kwana da janareto a rufaffen ɗaki. Rigar sanyi da busassun kaya su ne maganin dare. Kada kuma ka kwana da abinci a gefenka. A dazukan Amurka da Kanada dabbar beyar tana bin ƙanshi daga nesa, har na man goge baki da sabulu; ana zuba su ne a wani gwangwani na musamman ko a rataye a reshe nesa da tanti.

Sai kaska. Mun san ta a jikin shanu da karnuka, amma ta can ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma tana ɗauke da cutar Lyme, wadda aka fara lura da ita a garin Lyme na jihar Connecticut a 1975. In ba a yi magani ba tana taɓa gaɓɓai da jijiyoyi da zuciya. Mai neman akwati shi ya fi kowa kutsawa cikin ciyawa, don haka ya sa dogon wando ya cusa ƙafarsa cikin safa, ya duba jikinsa duk yamma: hammata, bayan gwiwa, matse-matsi, cikin gashi. In ka same ta, kama ta da ɗan hantsaki dab da fata, ka ja a miƙe a hankali. Ba a ƙona ta da ashana, ba a shafa mata mai. Idan jan tabo mai faɗaɗa ko zazzaɓi ya biyo baya cikin wata guda, ka ga likita ka gaya masa ka shiga daji.

Zargi da doka

A watan Yulin 2011, a garin Wetherby na Ingila, wani ya hangi mutum yana laɓe-laɓe da ɗan akwati a titin kasuwa. Aka kira 'yan sanda, aka rufe shaguna na sa'o'i, sojoji masu kwance bam suka zo suka tarwatsa akwatin. Ashe na wasa ne. Ba a ɓoye akwati sai da izinin mai fili, kuma manyan wuraren shaƙatawa na gwamnatin tarayyar Amurka ba sa yarda da shi sai da takardar izini. Idan ka ga shinge ko allon da ya ce filin wani ne, ka tsaya nan, ko da kibiya ta ce saura mita 20. A lokacin farauta kuma ka sa riga mai launin ruwan goro mai haske, don kada maharbi ya ɗauke ka dabba.

A nan gida lamarin ya fi haka nauyi. Dazuka irin su Rugu da Kamuku da Kuyambana da Sambisa sun daɗe da zama maɓoyar 'yan bindiga, babu wasan da zai kai mai hankali can. Duk wanda ya turo maka lambobin wani wuri a waya ya ce ka zo akwai abin ɗauka, ka ɗauke shi a matsayin ɗan damfara ko mai garkuwa da mutane. Haka nan bayan hare-haren bam da muka gani, ɓoye gwangwani a tasha ko kasuwa ko kusa da masallaci neman fitina ne. Kafin ka yi bayani jama'a sun yanke hukunci. Wanda kuma ya ga baƙon ƙunshi a irin waɗannan wurare, kada ya taɓa, ya sanar da jami'an tsaro.

Ga ɗalibanmu da ke waje, in an gayyace ku, ku fara da akwatunan cikin gari masu maki 1 ko 2, ku bi waɗanda suka san dajin, ku duba hasashen yanayi kafin ku fita. Iyaye kuma, idan yaro ya kira ya ce za su kwana a daji, ku tambaye shi da wa za shi, wane daji ne, yaushe zai dawo, wa ya bar wa sallahu. Idan rana ta yi yamma ko hadari ya taso ba a ga akwati ba, a juya, a rubuta a manhaja cewa ba a samu ba, masu wasan ba sa ɗaukar haka abin kunya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.