Ɗan ƙaramin kare mai dogon gashi: abin da ya kamata mai riƙe da Yoki ya sani

Aikina na kullum da shanu ne da tumaki da raƙuma. Amma a watan Afrilun bara wata baiwar Allah daga Yamai ta kawo mini wani ɗan kare cikin zane, yana rawar jiki, yawu na dalala. Da na tambaya, sai ta ce yaron gida ne ya ga kaska a kunnensa, ya yi masa wanka da maganin kaska na shanu. Na ɗora shi bisa sikeli: kilo 2 da rabi. Mun wanke shi da sabulu, muka sa masa ruwa ta jijiya, Allah ya sa ya tashi. Tun daga ranar nake son in yi bayani game da wannan iri, don ya fara yawa a gidajen birni.

Sunansa Yokshaya Teriya, ana kiransa Yoki a taƙaice. Asalinsa yankin Yokshaya ne a arewacin Ingila, inda ma'aikatan masaƙu suka riƙa kiwonsa a ƙarni na 19 don kamun ɓeraye. Wani kare mai suna Huddersfield Ben, da aka haifa a 1865, shi ake ɗauka uban irin. Babba ba ya wuce kilo 3 da ɗan ɗori, kuma yakan rayu shekara 12 zuwa 15. Ana haifarsa baƙi da ruwan ƙasa, in ya girma bayansa ya koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi. Gashinsa kamar na mutum yake, yana ta tsawo, ba ya zuba sosai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke shi kamar karen Azawak na makiyayanmu, mai jure rana da doguwar tafiya. Yoki ba haka yake ba.

Magani. Allurar ibamektin ta shanu, mililita 1 na dabba mai kilo 50 ne. Karen da na ambata kashi 1 cikin 20 ne na wannan nauyi, to wa zai iya auna masa da ido? Kada a ba shi maganin shanu ko na mutane irin su farasitamol sai likitan dabbobi ya auna shi.

Abinci. Ɗan kwikwiyo in ya jima bai ci ba, sukarin jininsa na faɗuwa, ya yi laƙwas ko ya suma. A ba shi kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a yini. In ya yi laƙwas, a shafa masa zuma a dasashi, a garzaya da shi wurin likita. Albasa, cakulan da inabi guba ne gare shi.

Zafi. A bazara, in zafi ya haura digiri 40, a bar shi a inuwa da ruwa kusa. Yawo sai da sassafe ko bayan magariba, don rairayi mai zafi na ƙona tafin ƙafarsa.

Gashi. A taje kullum. Da kaka ƙarangiya na maƙalewa, gashin ya dunƙule, kaska ta ɓuya ƙarƙashi. Gara a rage shi gajere, amma kada a aske ƙwal, rana za ta ƙona fatar.

Wuya da haƙora. Maƙogwaronsa ba shi da ƙwari, igiyar wuya na sa shi tari. A ɗaura masa ta ƙirji. Haƙoransa kuma na saurin ruɓewa, sai ana goge su.

Rigakafi. Allurar farko tun yana sati 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma in ya cika wata 3. Zamansa cikin ɗaki ba ya hana shi kamuwa, kuma shi ne yara ke runguma. Wanda ba zai iya wannan hidima ba, ya haƙura da sayensa tun farko.