Duwatsun Murhun Jimlar Turanci

Ɗalibai, ku dubi wannan jimla: "Bayajidda killed the snake." Wato Bayajidda ya kashe macijiya, ta rijiyar Kusugu da ke nan Daura.

Kashi uku gare ta, kamar duwatsun murhu. "Bayajidda" shi ne aikau, wanda ya yi aikin. "Killed" ita ce aikatau, aikin da aka yi. "The snake" kuwa karɓau, wadda aikin ya faɗa wa.

Jerin daidai yake da na Hausa, sai dai Bature ba ya sa "ya" ɗin nan tamu. Kada ku ce "Bayajidda he killed."

Kada kuma ku juya jerin, balle a takardar bashi. In an rubuta "Musa paid Audu," Musa ne ya biya, Audu ya karɓa. Ku duba sunan da ke gaba kafin ku dangwala.