Motar taka ce, amma sunan wa ke kan katin?

Duk wanda ya saba bin layukan New Bell da sassafe, daga unguwar Hausawa zuwa Kasuwar Kongo, in ya ɗan sunkuyar da kai ya dubi lambobin motocin da ke fake a bakin kwata, zai ga ba dukansu ne ke ɗauke da LT ta yankinmu na Littoral ba. Ga NO ta Garwa, ga EN ta Marwa, ga AD ta Ngaundere, jefi-jefi ka hangi CE ta Yawunde. Wasu baƙi ne, sun kawo albasa ko gyaɗa za su juya. Amma da yawa daga cikinsu na mutanenmu ne mazauna Duwala. An sayo su a arewa shekara biyu, shekara biyar da suka wuce, kuma har yau katin mallakar, wanda muke kira kat giris, yana ɗauke da sunan wani bawan Allah da ke zaune sama da kilomita 1,000 daga nan.

Na san dalili, don ni ma ɗan kasuwa ne. Tun da kuɗin haya ya kore mu daga tsakiyar gari, iyalai da dama suka komo nan PK 14 da kewayenta, shago kuwa yana can New Bell ko Kasuwar Santaral. Wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson Ndokoti da damina, da kwali uku a kan babur, ba sai an faɗa masa amfanin mota ba. To in za a saya, hankali ya fi kwanciya da gida: can akwai yaya, akwai suruki, akwai bakanike da aka sani tun yana yaron gareji. Sannan motar da ta zauna a busasshiyar ƙasa ba ta cin tsatsa irin wadda ta sha danshin Duwala. Abin dariyar ma, akasarin motocin nan ta tashar jirgin ruwan Duwala suka shigo, suka hau arewa, mu kuma muka bi su muka dawo da su.

Ciniki a wurinmu baki ne da hannu. An sallama, an biya, an yi addu'a, an miƙa makulli da jakar takardu. Wani ko takardar sayarwa ba ya karɓa, wai kunya, Alhaji ne fa, abokin mahaifinsa. Ba na raina wannan amana. Da ita muke ɗaukar kayan miliyoyi ba tare da sa hannu ba, kuma ita ta riƙe mu a ƙasar da ba mu da kowa. Sai dai ita hukuma ba ta halarci cinikin ba. Abin da ta sani shi ne sunan da ke cikin rajistar ma'aikatar sufuri, kuma shi jandarma zai karanta a shingen Edea, shi kamfanin inshora zai duba, shi alƙali zai tambaya.

Bari in ba ku labarin wani maƙwabcina a nan PK 14, mai sayar da atamfa da shadda. Ya sayo wata Toyota ta ɗaukar kaya a Garwa daga hannun wani dattijo da suka daɗe suna hulɗa. Shekara uku yana hawa lafiya lau. Duk shekara ya sabunta inshora, ya kai ta bizit, in an tsayar da shi ya nuna katin, a ce ya wuce. Da kasuwa ta yi masa nauyi ya so ya sayar ya ƙara jari, sai mai saye, wani ma'aikaci ɗan garin nan, ya ce shi sai an mayar masa da katin sunansa kafin ya cika kuɗi. Nan aka buɗe jaka. Dattijon ya rasu bara. Kuma sunan da ke kan katin ma ba nasa ba ne, na wanda ya sayar masa ne tun farko, wani mutumin Marwa da aka ce ya koma Chadi.

Magadan dattijon ba su musa ba, Allah ya saka musu. Babban ɗan ya ce, "Baba, mun san motar taka ce, Alhaji ya faɗa mana da bakinsa." Amma faɗar baki ba ta cike takarda. Wanda ya mutu ba ya sa hannu, magada kuma ba sa sa hannu a madadinsa sai da hukuncin gado daga kotu da ya nuna su waye magadan da wanda aka wakilta. In an samu wannan ma, saura mutumin Marwa. Maƙwabcina ya yi tafiya biyu zuwa arewa, kowace ta cinye masa mako guda ba ya shago, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga na ihsani. Mai saye ya gaji ya tafi. Motar da ya so ta fitar da shi daga ƙunci sai ta zama ba ta sayuwa sai ga wanda zai karya farashi, don ya san ita ma matsalar saya yake yi.

Da ya yi aikin a makon da ya sayi motar, da abin bai fi zirga-zirgar kwana kaɗan ba. A ofis sunan aikin mitasiyon, wato mayar da katin daga sunan mai sayarwa zuwa na mai saye. Ginshiƙinsa takardar sayarwa ce, da sunayenku ku biyu, da lambar mota, da lambar shasi, da farashi, ku sa hannu, a manna tambur, a kai inda hukuma ke tabbatar da sa hannu, kamar komisariya, a buga hatimi. Tambur ɗin da muka saba saya sefa 1,000 ya koma 1,500 tun 2023. A haɗa da asalin tsohon katin, ba hotonsa ba, da kwafin katin shaidar mai sayarwa. Daga nan sai ofishin haraji a yi wa cinikin rajista a biya kason gwamnati, sai bizit, sai inshora da sunanka, sannan a shigar da komai a ofishin sufuri na yankin da kake zaune. In sabon katin ya fito da lambar LT, sai a buga maka sabon faranti mai ruwan lemo irin na ƙasashen CEMAC, ka cire tsohon. Rabin farko na aikin nan yana buƙatar mai sayarwa a raye, a kusa, da katin shaidarsa da bai ƙare ba. Shi ya sa ba a baro garin da aka yi ciniki sai an gama shi.

Akwai abu biyu da nake so a tsaya a kansu da kyau, don a nan na ga mutanenmu sun fi tuntuɓe.

Na farko suna. Mu mutum ɗaya yana da rubutun suna uku. A fasfo ɗin Najeriya Usman Abubakar, a katin zama na Kamaru an rubuta shi da salon Faransanci, Ousmanou Aboubakar, a kasuwa kuma kowa Alhaji Manu ya sani. Muhammadu kaɗai ana rubuta shi Mohamadou, Mahamadou, Mohammed, Hamadou. A wurinmu duk ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum huɗu ne daban. In takardar sayarwa ta ɗauki wani rubutun, katin shaida ya ɗauki wani, fayil ɗinka zai kwanta, kai kana ta zargin an ƙi ka ne don kai baƙo ne, alhali harafi ɗaya ne ya riƙe ka. Ka ɗora katin shaidarka a kan tebur, mai rubutu ya kwafa harafi bayan harafi, har da wane suna ne a gaba. Haka na mai sayarwa: abin da ke kan kat giris ya zama shi ne a kan katin shaidarsa. Ɗan ƙasa da katin ɗan ƙasa, mu da muka zo daga Najeriya ko Nijar da katin zama, mai shekara 2 ko mai shekara 10, kuma ya kasance yana da rai. Lambar haraji ma, wadda suke kira NIU, yanzu ta shiga ko'ina, har inshora ana tambayarta, ita ma a duba da wane rubutun aka yi ta.

Na biyu lambar shasi. Faranti ana cirewa da sukurdireba cikin minti biyu, amma lambar da aka buga a jikin ƙarfen mota ita ce sunanta na yanka. A yawancin motocin zamanin nan haruffa da lambobi 17 ne, kuma a tsarin babu harafin I, babu O, babu Q, don kada a rikita su da 1 da 0. Kada ka yarda da karatun dillali. Ka sa bakanikenka ya goge wurin da tsumma da ɗan fetur, ka riƙe katin a hannu, shi yana karantawa kai kana bi. In ka ga alamar walda ko sabon fenti a daidai wurin kaɗai, ka yi sallama ka tafi, ko da rabin kuɗi aka bar maka. Kuma ka nemi takardar da ke nuna ba a jinginar da motar ga banki ko wani mai ba da bashi ba. Mutum na iya zama mai gaskiya ya sayar maka da abin da shi kansa bai san an ɗaure ba.

Zancen inshora kuwa, wallahi mutane kaɗan ne suka san shi. Ka ji mai sayarwa ya ce, "Ai da sauran wata takwas a inshorar, ka more." Ba haka dokar take ba. Kamaru tana cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, Nijar da Chadi ma suna ciki. A wannan doka, in aka sayar da mota, inshorar tsohon mai ita tana tsayawa da kanta daga ƙarfe 12 na daren kwana na biyar bayan cinikin. Takardar tana nan a aljihun mota, kwanan watanta bai cika ba, mai duba ta a hanya zai iya cewa ka wuce. Amma ranar da Allah ya kawo tsautsayi, aka buge ɗan wani a hanyar PK 12, kamfani zai tambayi yaushe motar ta canza hannu. Kuɗin binyet ma tun 2017 a wurin masu inshora ake biyansa tare da kuɗin inshorar, don haka zama ɗaya ne, ka yi shi da sunanka ka huta.

Masu kamasho da ke tsaye a ƙofar ofisoshi, ba zan ce a guje su gaba ɗaya ba. Wanda Faransancinsa bai wuce na ciniki ba, kuma ba zai iya rufe shago ya wuni a Bonanjo ba, dole ya nemi mai taya shi. A cikinsu akwai masu tsoron Allah da suka san kowace taga. Amma wanda ya ce maka, "Kawo kuɗi kawai, ba sai mai sayarwa ya sa hannu ba, gobe ka karɓi kati," to ko sa hannun wani zai ƙirƙira ko katin ne zai ƙirƙira, kuma kai za a kama da shi, ba shi ba. Kowane kuɗi da aka ce na gwamnati ne yana da rasit. Ka karɓi rasit ɗin, ladan ɗan kamasho kuma ku yanke shi daban tun farko.

Motar da ke da lambar Najeriya wani babi ne dabam, a taƙaice zan taɓa shi. Wannan ba sauya yanki ba ne, shigo da kaya ne. Kuɗin kwastan da aka biya a Legas ko Kwatano ba ya aiki a nan, don Najeriya da Benin suna ECOWAS, Kamaru tana CEMAC. Takardar da ake ba ka a kan iyaka, a Ekok ko a Fotokol, ta baƙunci ce, tana da wa'adi. In motar za ta zauna, sai ta bi ta duwan an biya, kuma wadda ta haura shekara 10 harajinta ya fi nauyi. A yi wannan lissafin kafin a ce motar Kano ta fi araha.

Mai sayarwa ma kada ya ɗauka ya tsira. Muddin sunanka na kan katin, duk abin da aka aikata da motar ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, ko an ɗauki kayan da ba su halatta ba, ko an yi haɗari an gudu. Ni da na sayar da tsohuwar motata ga wani yaron kasuwarmu, sai da muka je tare aka buga hatimi, na riƙe kwafin komai, na kuma ce masa ya kawo mini sabon katin in gani da idona. Ya ɗan ji nauyi, ya ce, "Haba Kawu, ni ne fa." Na ce ai don kai ne.

Saura abin da ya fi takardun duka wuya, wato yadda za ka dubi dattijon da ya girme ka ka ce ya tashi ku je komisariya. Kada ka kawo maganar bayan an miƙa kuɗi, ka sa ta cikin cinikin tun ana shan shayi. Ni yadda nake faɗa shi ne, "Alhaji, tsakanina da kai babu takarda, amma akwai yara a bayanmu, naka da nawa, kuma ba na so wata rana a zo a tayar maka da hankali a kan motar da ta bar hannunka." Ban taɓa ganin wanda ya ji haushin wannan ba. Wasu ma su ke cewa a riƙe wani abu daga cikin kuɗin sai an gama. Kuma ka ɗauke masa kuɗin tambur da na abin hawa, kai ke da buƙata.

Sannan a lura da ranar tafiya. Mu mun saba hawa arewa a ƙarshen mako, a haɗa da biki ko gaisuwa, a yi ciniki ranar Asabar, a kamo hanya Lahadi da asuba don a buɗe shago da wuri. Ofisoshin gwamnati a Kamaru Litinin zuwa Juma'a suke aiki, daga 7:30 na safe zuwa 3:30 na yamma. Wanda zai sayo mota a Garwa ko Marwa ya shirya kwana a can har Talata, ya bar wa yaro makullin shago.