Jirgin Takarda a Indiya da Guwatemala

Jirgin takarda, watau takardar nan da akan ɗaura wa tsinke da dogon zare a sakar wa iska, ba matsayinsa ɗaya a ko'ina ba. A birnin Ahmadabad na Indiya abin faɗa ne. Ran 14 ga Janairu mutane sukan hau kan soraye da 'yan ƙananan jirage, an shafe zarensu da garin kwalba, kowa yana neman tsinke na maƙwabcinsa. Amma zaren nan ba ya zaɓe, yakan yanke fiffiken tsuntsu, har da wuyan mai babur. A garin Santiyago Sakatepekes na Guwatemala kuwa, ran 1 ga Nuwamba, a maƙabarta ake ta da manya-manya na gora, domin a al'adarsu ta nan ake gai da matattu.