Tsohon Rediyo ko Sabo: Gaskiya da Jita-jita Kan Sarrafa Ƙananan Jiragen Sama

Ƙaramin jirgin sama da ake tuƙawa daga ƙasa ya dogara ne da na'urori biyu: rimot da ke hannun matuƙi, da 'yar na'urar karɓar umarni da ke cikin jirgin. Tsohon tsarin rediyon da ke haɗa su yana aiki a zangon megahaz 35 a Birtaniya da ƙasashen Turai da dama, da megahaz 72 a Amurka. Sabon kuwa, na gigahaz 2.4, kamfanin Spektrum ne ya kawo shi ga masu jirage wajen 2005, sannan Futaba da sauransu suka biyo baya. Tun daga nan maganganu suka yi yawa, wasu gaskiya, wasu shaci-faɗi.

Ana cewa an haramta tsohon tsarin. Ba haka ba ne: har yanzu doka ta yarda da shi a Birtaniya da Amurka. Abin da ya faru shi ne manyan kamfanoni sun juya masa baya, kayan gyaransa suka yi wuyar samu, musamman kiristal, ɗan abin da ke tsayar da rimot a kan tasha guda.

Zancen cewa wani na iya kayar da jirgin wani a tsohon tsari kuwa, gaskiya ne. Idan mutum biyu suka kunna rimot a tasha ɗaya, umarninsu ya cakuɗe, jirgin da ke sama ya rikito. Shi ya sa ƙungiyoyin masu jirage ke ajiye allo a fili, ba mai kunna rimot sai ya karɓi alamar tasharsa. Sabon tsarin ya kashe wannan matsala, domin ana ƙulla na'urar jirgi da rimot ɗinta tun farko, ba ta sauraron kowa sai shi, yawancinsu kuma suna tsalle daga tasha zuwa tasha sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wannan dalili kaɗai ya isa sabon shiga ya zaɓi gigahaz 2.4.

Amma jita-jitar da ta fi haɗari ita ce wai sabon ba ya taɓa yankewa. Yana yankewa. Tsawon igiyar siginarsa bai wuce santimita 12 da rabi ba, alhali na megahaz 35 ya haura mita 8, kuma gajeriyar igiya ba ta iya kewaye shinge. Batir, inji, ko jikin jirgi na zaren kabon duk suna iya tare ta idan jirgin ya juya. Dalili ke nan da ake sa wa na'urar eriya biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, nesa da ƙarfe. Ga kuma batun wuta: idan batir ya yi sanyi a lokacin da injinan motsa fukafukai ke ja da ƙarfi, na'urar takan mutu ta sake tashi, kuma samfuran farko kan ɗauki daƙiƙoƙi kafin su dawo. Jirgi ba ya jiran daƙiƙoƙi. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan Wi-Fi, tunda zangonsu ɗaya, alhali batir ne ko mugun ɗauri.

Batun nisa ma an zuzuta shi. Na'ura mai cikakken ƙarfi a kowane tsari tana kaiwa nesa da inda ido ke iya bin jirgin. Ƙananan da aka yi don filin wasa ne kawai ba su da nisa.

Haka kuma ba kowane rimot na gigahaz 2.4 ne ke jituwa da kowace na'ura ba, domin kowane kamfani da irin harshensa. Sai dai mai tsohon rimot na kirki ba lalle ne ya yar da shi ba: wasu samfuran Futaba da JR suna da akwatin aika saƙo a baya, wanda ake cirewa a sa na sabon zango. Kafin a yi hakan sai a canza tsohon batirinsa, a duba ko wayoyin sun ci tsatsa, sannan a gwada nisan siginar a ƙasa kafin jirgi ya tashi.